Igiya a Bakin Ƙofa

Ni na buga wa Dokta Nomau littattafansa uku
a shagona na Yelwa, daf da tashar kwalekwale,
janareta na tari, shi yana kurɓar shayi
mai sukari cokali huɗu.

Rubutunsa sawun kaji ne a kan laka.
In na ce, "Dokta, wannan kalmar fa?"
sai ya ce, "Tsoro. Galibi tsoro ne, Tumba. Buga."

Wata Laraba ya tambaye ni:
"Mutum nawa kika sani da maciji ya kashe?"
Na lalubo ɗaya, can ƙauyen kakata.
"Babur fa?"
Yatsuna suka ƙare.
"To don me igiya ke sa ki tsalle,
amma ki haye bayan ɗan kabu-kabu kina hira?"

Ya ce jikin nan tsohon gida ne,
mu jiya muka tare.
Wanda bai razana da motsin ciyawa ba
bai daɗe har ya ga jika ba.
"Mu zuriyar masu waiwaye ne,
kada ki ji kunyar gadonki."

A majalisar bakin asibiti aka ce ya ce mu birai ne.
Wata biyu mai nama bai amsa masa sallama ba.
Bai yi musu da kowa ba.
"Ni tambayata ƙarama ce," in ji shi,
"yaya uwa ke tsinto kukan ɗanta cikin kuka goma?"
Ya ɗauki butarsa, La'asar ta yi.

Babi na shida kan zaƙi ne:
yadda mutanen farko ke tafiyar yini guda
don saƙar zuma ɗaya a kogon itace,
harshe ya riƙe wannan yunwar har yau,
ga shi zumar ta dawo buhu-buhu a kasuwa.
Na buga shi ranar da likita ya auna jininsa.
Na ce, "Kai da ka san dalili, ka bari mana."
Ya yi dariya har tabarau ya zame:
"Sanin sunan kada ba ya hana shi kama ƙafa."

Na huɗun bai ƙare ba.
Yana son ya gano amfanin kewa,
abin da ba ya cika rumbu, ba ya korar kura,
me ya sa ba ta ɓace a hanya ba.
Shafi na sha tara ya tsaya a kan "wataƙila".
Ban sa masa aya ba.

Daren jiya, ina rufe shago,
wani abu baƙi a miƙe a bakin ƙofa.
Na daka tsalle, na zubar da makullai.
Igiyar janareta ce.

Na juya in gaya masa.