Katin da Ya Tsaya Mini a Wuya

A ɗakin ƙamus, bene na uku, birnin Recife,
fanka na juyi kamar mai neman abin da ya yar.
Shekara talatin ke nan ina auna kalmomi
awon mai gishiri a bakin kasuwa:
ba gyara, ba tauyewa.

Yau kati ɗaya ya tsaya mini a wuya:
abolisiyonista.
Wanda ya riga ni zama a kujerar nan ya rubuta:
"Suna. Mai adawa da bauta,
mai kiran a soke cinikin mutane."
Can ƙasa, da jar tawada, ya ƙara: "Tsohon yayi."

Misalin da ya kawo kuwa:
"Ɗan majalisar abolisiyonista ne, ya yi jawabi, aka tafa."
Ina ganinsa: doguwar malafa, agogon aljihu,
gashin baki ya sha mai.
Ban raina shi ba. Bakinsa ya yi rana.

Sai dai kakata Idalina ta ba ni labarin tata kakar,
Leocádia, mai wankau a gaɓar Capibaribe,
wadda ko sunanta ba ta iya karantawa.
Wata Larabar takan shanya fararen zannuwa biyu,
ja guda a tsakani.
Anacleto mai kwalekwale ya hango, ya gane:
daren nan akwai kaya.
Kayan yana numfashi.
Ƙarƙashin buhunan garin rogo
wani ya danne tarinsa da tafin hannu
har aka wuce gada ta ƙarshe.

Su goma sha ɗaya, in ji kaka. Ko sha uku.
Ba wanda ya rubuta;
a lokacin, alƙalami igiyar rataya ne.
Ba a taɓa kiranta da doguwar kalmar nan ba.
Da an kira ta, da ta waiwaya
ta ga ko wani ake nufi a bayanta.
'Yan sanda "ɓarauniya" suke cewa,
don abin da ta sace, mai shi na da takarda.
Su kuwa da suka tsallake,
"inna mai sabulu" kawai suka sani.

Tsohon yayi, wai.
Makon jiya ɗan ƙanwata Gumercindo, mai duba ma'aikata,
ya dawo daga dajin da ake toya gawayi.
Mutum ashirin ya tarar, littafin bashi guda:
adda bashi, takalmi bashi, waken da suka ci bashi,
kuɗin motar da ta kawo su har jikoki ya yi.
Ba sarƙa a ƙafar kowa,
sai mai gadi da bindiga, da hanyar kwana huɗu.
Wani dattijo ya kama hannun rigarsa:
"Yaro, wace shekara muke ciki?"
Na soya masa kifi. Bai taɓa ba.

Maciji ya yi saɓa,
mun kai saɓar gidan tarihi, mun kulle a gilashi,
mun ce an kashe maciji.

Na ɗauki reza na kankare jan rubutun
har katin ya huje.
Shugabanmu Valdemiro ya leƙo ta saman tabarau:
"Layi biyu gare ki, Zulmira. Takarda ta yi tsada."
To, layi biyu.

"Suna. Wanda ya ga mutum a jerin kaya
ya ƙi yarda da lissafin. Ana amfani da shi har yau."

Misali bai samu wuri ba,
sai na cusa shi a gefe, da ƙananan baƙaƙe:
"Mai wankin abolisiyonista ce, ita ma ba ta sani ba."

Da yamma na bi ta kan gada.
Wata mata tana shanya a ƙasan ta.
Na tsaya kamar wawiya, jakata a hammata,
ina ƙidaya launin zannuwa.