Madaurin Gado

Ƙarfe biyar na asuba a Jos
sanyi ya shaƙe wa injin maƙogwaro,
sai na lallashe shi sau uku kafin ya yi tari.
Shekara goma sha ɗaya ina jan wannan farar mota,
na san hakin kowane ciwo ta madubi,
na san addu'ar da uwa ke yi in jiniya ta tashi.

Ga Kaneng nan tafe da takardarta,
biro a kunne, suwaita har wuya.
Ba ta amsa gaisuwa sai ta duƙa ta ga taya.
Ta danna babban yatsa a zanen roba,
ta ce ta bayan nan ta fara sanƙo.
Ta murɗa kan tukunyar iska,
allura ta miƙe, ta tsaya a rabi.
"Rabi zai kai ka Bukuru, Ilu,
ba zai kai ka Abuja ba."

Na ce Allah ne mai kaiwa.
Ta ce haka ne, kuma shi ya ba ka ido.

Sai ta iso kan madaurin gado,
na ƙirji, wanda bakinsa ya daina cizo
tun kafin azumi.
Da tsumman zani nake ɗaure shi,
ƙulli mai kyau, irin na masu lodin dankali.
Ta kalli ƙullin, ta kalle ni,
ta mayar da hatiminta jaka.
Ba hatimi, ba fita.

Na zage ta a zuci tun daga Lamingo har Dilimi.
Na sayi madauri da kuɗin cefanen gidana,
rasit ɗin har yau yana ofis, wai ana dubawa.
Aka cika iska, aka sauya taya,
awa huɗu ta zube a ƙasa.
Ɗan mara lafiya yana safa da marwa a baranda,
yana harara ta kamar ni na kawo ciwon.

Wajen goma muka ɗauki Baba Mati,
ƙoda ta gaji, ƙafa ta kumbura ta fi ƙarfin takalmi.
Nas Chundung na gefensa, ido a kan ledar ruwa.
Muka wuce Mararabar Jama'a,
muka wuce Riyom da duwatsunta masu goyon juna,
yayyafi ya tare mu,
hanya ta sunkuyar da kai ta nufi Hawan Kibo.

A kwana ta biyu
tirela ce kwance a gicciye,
siminti ya fashe ya zama kunu a kan kwalta.

Ban yi tunani ba, ƙafa ce ta yi.
Sabuwar taya ta kafa haƙori a ƙasa.
Kwalabe suka kaure a akwati,
Chundung ta tafi gaba, bel ya dawo da ita,
gado ya ja, ƙugiya ta ƙi saki.
Na juya, bakina ba yawu.
Baba Mati bai gusa ko taƙi ɗaya ba,
ya buɗe ido, ya ce, "Mun iso?"

Da saura, Baba. Koma barci.

Muka kai shi da iska a tukunya har da ragowa.
Ɗansa ya gode wa likita, ya gode wa maigadi.
Madauri ba ya jin godiya,
ni ma ban tsaya nema masa ba.

Ban faɗa wa Kaneng ba.
Washegari ta zo da bironta,
ta ɗaga jar kwalbar kashe gobara,
ta ce wa'adinta ya wuce da kwana tara.
Na buɗe baki, na rufe.
Na zaro tsumman zanin nan daga ƙarƙashin kujera
na hau goge gilashi
ina jiran ta gama.