Aron Inuwa

Na yi ɗakin bulo a Jega, rufin kwano,
na ce na rabu da yaɓen laka.
Bazara ta zo, ɗaki ya koma tanda,
fanka na kaɗa wuta, mita na cin kuɗin miya.

Da azahar sai soron Inna Kulu,
bango kamu biyu, ƙasa bisa azara.
"Ɗan zamani, yau ma aron inuwa?"

Nabara magini ya ɗaga kai, ya yi tsaki.
Ya buga silin, ya zuba ɓuntun shinkafa,
buhu tara, na bayan injin casa,
ya ƙara wa bangon yamma kauri.

Yau a ɗakina na yi ƙailula.
Katin wutar watan jiya da saura.
Inna ta aiko yaro: wai ko lafiya?