Shuɗin da Babu Baba a Cikinsa

Ƙarfe huɗu kacal, Sheffield ta kunna fitilu.
Ruwa na bin gilashin taga a hawa na uku,
ɗakin ajiya, inda warin kafur ke kama riga.
Misis Holroyd ta jawo durowa ta goma sha tara:
malam-buɗe-littafi arba'in, kowa da allura a ƙirji,
littafinsu a buɗe tun ba a haifi kakana ba.

Ta ce in zaɓa. Na nuna shuɗin.
Na ce, wannan ya kwana bakwai a karofi.
Ni ɗan marina ne, a Kura aka yanke cibiyata,
na san abin da nake faɗa.

Ba ta yi musu ba. Ta sa guntun fiffike ƙarƙashin madubi,
ta matsa mini kujera.

Ashe garin nan da ke maƙale wa yaro a yatsa
ba gari ba ne.
Ɓawo ne, sahu bisa sahu,
kamar jinkar da gwani ya baibaye.
Kowane ɓawo da kunyoyinsa, gona guda.
Sauran sai a hoto, in ji ta, madubin bai kai can ba:
jikin kowace kunya rassa ne hawa-hawa,
iska kwance a tsakaninsu.
Haske ya shiga da dukan launukansa,
ja ya yi ɓatan kai, rawaya ta rasa ƙofa,
shuɗi kaɗai ke dawowa, ya ninka kansa.

Na ce, to ina rinin?
Ta ɗiga sifirit.
A idona fiffiken ya koma kore,
kore kamar ganyen lalle.
Muka yi shiru, bututun ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa.
Da ya bushe, shuɗin ya komo daga gefe-gefe
kamar wanda ya fita alwala.

Sai ta murje wani karyayye a farar takarda.
Ƙasa-ƙasa. Ko ɗigon shuɗi babu.

Mahaifina yakan ce, baba ke ba da duhu,
bugu ke ba da ƙyalli.
Yakan ɗaga turkuɗi ya karkata shi ga rana
don mai saye ya ga wutar da ke gudu a kai.
Ashe ya riƙe rabin zancen.
Hannunsa kuwa, shuɗi har gwiwa,
sabulu ya gaji, shekaru suka gaji.
Ranar da aka yi masa wanka ma bai fita ba.
Da shi ya tafi.

A bas na buɗe tafina. Tas,
hannun mai rubuta lamba a jikin kwali.
Sai ɗan gari a babban yatsa.
Na karkata shi ga fitilar rufi,
na sake karkatawa,
har matar da ke gefena ta ɗago ta dube ni.