Abin da Na Kasa Faɗa

Shekara talatin ina matsar gyaɗa a Bagalam.
Kafin ladan ya gyara murya na hura wuta,
kafin rana ta taɓa katanga mai ya hau kwalabe.
Tabawa mai ƙuli.
Har daga Tibiri ake aiko yaro da kwano.

Sai yatsu suka fara yi mini gardama.
Da safe su tashi a sandare kamar busasshiyar kuɓewa,
sai na tsoma su a ruwan ɗumi ina lallashi
kafin su yarda su kama muciya.
Wannan na san sunansa, sanyin ƙashi.
Innata ta yi shi, ta tsufa da shi,
ba shi ya kai ta kushewa ba.

Ɗayan ne ban san sunansa ba.
In kwana barci, in farka
kamar wadda ta yi dakon buhu daga kasuwa har gulbi.
In ɗauki tsintsiya, in tsaya a tsakar gida
ina duban ƙasa, ƙasa na dubana.
Buta ta yi nauyi. Gaisuwa ta yi nauyi.
Sallar nafila na koma yi a zaune,
ina jin kunyar tabarma.

Baraka ta ce tsufa ne.
Mai tallan magani a faranti ya ce ƙwayar ja da fara,
biyu da safe, biyu in ciwo ya yi taurin kai.
Na sha har cikina ya koma murhu.
Wani ya ce saiwa, na jiƙa, na runtse ido na haɗiye.
Ni kuwa a zuci cewa nake: lalaci ne, Tabawa,
kada ki bari kowa ya ji.

Ranar Talata jikata Zuwaira ta kira kabu-kabu
ba ta nemi shawarata ba.
Na ƙulle jikka biyar a bakin zane,
kowane rami a hanya sai da gwiwata ta gaishe shi.

Benci, layi, kukan jarirai, warin magani.
Da aka kira ni na shimfiɗa hannu a kan tebur
kamar mai nuna haja.
Likitar yarinya ce, ban fi haihuwarta ba sau biyu.
Ta latsa gaɓa gaɓa, ta ja fatar idona ta leƙa,
sannan ta ajiye alƙalami ta ce:
Inna, ban da ciwon, yaya ƙarfin jiki?

Na ce alhamdu lillahi.
Ta yi shiru. Ba ta ɗauke ido ba.
Sai bakina ya kwance da kansa,
na ba ta labarin tsintsiya, na buta, na tabarma.

Ta rubuta.
Wallahi ta rubuta.
Gajiyar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin mayafi
ga ta a takarda, da tawada, kamar bashi.

Aka ɗebi jini, ɗan kaɗan, na ce su tausaya.
Da la'asar ta ce ya yi ƙasa,
ta ce ciwon gaɓa ba a gaɓa kaɗai yake cin mutum ba,
ta ce in rabu da mai faranti.
Magani daban, da zogale, da hanta in an samu,
in komo bayan mako uku, ko da sauƙi ko babu.

Ban warke ba tukuna, kada in yi ƙarya.
Yau ma Zuwaira ce a bakin turmi,
ina daga kujera ina faɗa: ƙara ruwan zafi, ba haka ba, juya!
Ƙulinta bai kai nawa ƙamshi ba.
Amma ɗazu da Baraka ta leƙo ta ce, har yanzu kwance?
na ɗaga takardar daga cikin kwalla na nuna mata,
duk da daga ni har ita babu mai iya karantawa.