Tafintar Wuta

A magudanar Digbeth na ɗaure gidana,
jirgi siriri, faɗinsa taku bakwai.
Kuɗin haya a Birmingham ne ya koro ni kan ruwa.
Farantan sola biyu a rufi
suna bin rana bashi,
ita kuwa ranar garin nan ba ta biya sai an kai ruwa rana.

Ƙarƙashin benci batir huɗu ke kwance.
Wutarsu miƙaƙƙiya ce, ba ta waiwaye,
ta sa gaba kawai kamar ruwan indararo.
Keken ɗinkina ɗan gidan bulo ne,
wutar bango ya sani, mai kai da komo
sau hamsin kafin daƙiƙa ta cika,
kamar ƙoshiya a hannun masaƙi.

Ran farko na haɗa su kai tsaye.
Ko tari keken bai yi ba.
Kurma da bebe a ɗaki ɗaya.

Dattijo Alwyn na jirgin gaba, mai gurgun kare,
ya leƙo ta taga, ya girgiza kai:
"Tabawa, sha biyu ba ta ɗaga kayan ɗari biyu da talatin.
Nemo musu tafinta."

Inbatar farko ta araha ce,
gatsa-gatsa take saran wutar.
Keken ya yi ta gurnani, jikinsa zau kamar mai masassara,
ɗinki na tafiya da ɗingishi.
Arha dai ba ta ado.
Ta biyu ta cinye ladan riguna tara,
amma sumul take lanƙwasa wuta,
irin tattarar da agwagwa ke bari a bayanta.

Ita ma ba don Allah take fassara ba.
Cikin goma tana cire ɗaya,
ko ba a ce komai ba tana ɗan lasa,
shi ya sa nake kashe ta kafin in yi shafa'i da wutiri.

Yau kwana uku sama a murtuke.
Rigar suna ta Hajiya Gambo, gobe a Small Heath,
saura hannu ɗaya da kalmasa.
Inbata ta soma ƙyaƙƙyafta jan ido.
Na kashe firij, na kashe fitilar baya,
butar shayi ta jira safiya.

Taka a hankali, ƙafata.
Allura na sama da ƙasa,
jirgi na ɗan rangaji,
ruwan sama na ƙirga mini ɗinki a kan rufi.