Rana Ba Ta Kawo Takardar Kuɗi

Satin da aka ɗauke wuta a Kakuri
naman firij ya yi wari,
gas ya ƙare, na tsaya da ashana a hannu,
digirina a bango yana kallona.

Na hau motar Pambeguwa.

Gwaggo Tabawa ba ta yi mini dariya ba.
Wuƙa ta miƙo, da kwandon tumatir:
"Raba shi biyu ki shanya bisa fa,
rana ba ta kawo takardar kuɗi."

Na tace toka har ruwanta ya zama sabulu,
na cusa ganyen dogonyaro cikin buhun wake
don ƙwari su nemi wani gidan.
Kalwa ta kwana bisa murhu,
warin daddawa ya bi ni har cikin barci.
Tafin hannuna ya yi kanta,
igiyar guga ta rubuta sunanta a ciki.

Ran da na yaɓe akurki a karkace
ta dube shi, ta dube ni:
"Rushe. Damina ba ta jin ban-haƙuri."
Na rushe ina ƙunƙuni.

Yanzu bayan ɗakina na haya
kaji uku ne, da zogale,
barkono a tsohon bokitin fenti,
randa a inuwa, ruwanta sanyi ƙalau.

Jiya Asabe ta leƙo ta katanga
wai yaya ake yin kauɗa.
Na ce ta zo da wuƙarta.